Yunwar Ciki Da Yunwar Zuciya

Littafin Farawa sura 25 ya ba da labarin Isuwa, wanda ya komo daga jeji a gajiye ya tarar da ɗan'uwansa Yakubu yana dahuwa. Cewa ya yi yunwa za ta kashe shi, alhali a gidan Ishaku yake, gidan wadata, inda haƙurin ɗan lokaci zai kawo masa abinci. Garaje ne ya sa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwano guda.

Yunwar ciki a hankali take zuwa, ko tuwon jiya aka ɗumama za ta karɓa, in an ƙoshi kuma ta tafi. Ta zuciya kuwa farat ɗaya take faɗowa, tana da zaɓe: soyayyen nama, cincin, lemon kwalba. Ita ce ke kai uwar gida madafa da tsakar dare bayan saɓani da maigida, ita ce ke zaunar da wanda aka sallama daga aiki a gaban akushi. Damuwa mai daɗewa takan ƙara sinadarin kotisol a jini, shi kuma ya tada kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. Har yanzu wasu na kiranta alamar hutu, ko da yake hawan jini da ciwon sukari na biye da ita.

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya soma koyar da horon natsuwa na mako takwas a Jami'ar Masacusets ta Amurka, daga baya Jean Kristeller ta daidaita shi domin masu cin abinci ba kan gado. Mutum zai dakata kafin ya sa hannu, ya tambayi kansa ko cikinsa ne ke kira ko ransa ne a ɓace. Zai zauna, ya kashe talabijin, ya tauna a hankali, gama saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya tabbata. Bincike ya nuna horon yana rage cin abinci don baƙin ciki, amma nauyin da yake saukewa shi kaɗai ba shi da yawa. Mai sayar da shi a matsayin maganin ƙiba ya wuce gona da iri.

Asalin horon daga addinin Buddha yake, mai bi kuwa ba sai ya aro addinin ba. Manzo Bulus ya lissafta kamewa cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa sura 5. Addu'ar godiya kafin abinci, wadda yara ke rattabawa ido ɗaya a kan nama, ita ce wurin dakatawar da gidan Kirista ya riga ya mallaka.

Abinci kuma ba abokin gāba ba ne. Sa'ad da Iliya ya gudu daga Yezebel har ya roƙi mutuwa, Ubangiji ya fara ba shi gurasa da ruwa da barci. Sai a Horeb ya tambaye shi, har sau biyu, abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zazzage kukansa. Gwauruwar da ke cin dare tana bukatar wadda za ta zauna ta saurare ta haka daga zumuntar mata, ba mai yi mata ba'a a ƙofar majami'a ba. Wanda abin ya fi ƙarfinsa, ko mai shan maganin sukari, ya ga likita kafin ya sauya cimarsa.