Wa Ya Cancanci Gyara?

A shekarar 2010 hukumar Faransa ta hana sayar da wata irin jaka da likitoci ke sa wa mata a cikin nono, wadda kamfanin PIP ke ƙerawa. Dalili kuwa, an gano mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ya daɗe yana ɗura musu silikon mai araha, irin na masana'antu, ba wanda aka yarda a sa a jikin ɗan Adam ba. Ga shi kuma sun fi sauran saurin fashewa. A ƙarshen 2011 aka shawarci mata wajen 30,000 su koma a cire musu. Shi kuwa Mas, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 4 a 2013.

To, sai aka zo kan biya. Hukuma ta ɗauki nauyin cirewa ga kowa, amma sa sabuwa sai ga wadda sankara ta sa aka yanke mata nono. Wadda ta sa don kwalliya, ta nemi kuɗinta.

Wannan hukunci yana da hujja. Baitulmali na jama'a ne, kuma ba a haɗa wadda cuta ta kora asibiti da wadda ta kai kanta. Amma fa a duba da kyau. Hukuncin ya tambayi abin da ya kai mace gaban likita tun farko, bai tambayi wanda ya cuce ta ba. Su biyun nan, hatimi ɗaya suka gaskata, watau shaidar inganci da masu bincike na TÜV Rheinland suka bayar, bisa dokar Turai. Wadda ta nemi ado ai ba ta nemi algus ba. Kuma cirewa kaɗai ba ta mayar da jiki yadda ya ke dā, gama fata ta riga ta miƙe, sai ta saki. Mai hali ta biya a gyara. Marar hali fa? Ko ta zauna da tabo, ko ta jinkirta cirewar, jakar tana nan cikin ƙirjinta. Ashe rarrabewar ba a kan masu son ado duka ta faɗa ba, a kan matalautansu ta faɗa.

A Birtaniya ma an rabu a 2012. Ingila ta ce in asibitin kuɗi ya ƙi gyara, hukuma za ta cire amma ba za ta sa sabuwa ba. Wales, maƙwabciyarta, ta ce za ta yi duka biyun.