Hukuncin Tsohuwar Motar Sana'a: A Ci Gaba da Gyara ko A Sauya?

Tambaya: Mai rarraba kaya a shaguna yana da tsohuwar bas da yake neman abincin iyalinsa da ita. Motar ta fara yawan kwana a gareji, kuɗin gyara na cinye ribar. Shin ci gaba da gyaran almubazzaranci ne? In zai sauya ta, ta wace hanya, kuma me ya wajaba a kansa wajen sayar da tsohuwar?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Gyaran mota da sauya ta duka halal ne a asalinsu, domin sha'anin neman abinci ne da shari'a ta bar wa mai dukiya ya duba maslaharsa. Babu wani adadin shekaru da in mota ta kai shi sayar da ita ke zama wajibi. Sai dai Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Annabi (SAW) ya ambaci tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah Yake ƙi, kuma ba a gane tozartawa sai da lissafi. Mai motar ya tara abin da ya kashe a shekara wajen bakanike da kayan gyara, ya haɗa da cinikin da ya kuɓuce masa a ranakun da motar ke ajiye, da man da tsohon inji ke sha fiye da kima, wanda ya ƙara nauyi tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023. In jimillar ba ta kai abin da wata motar za ta ci ba, gyara ya fi, ko da mutane na yi masa gorin tsufanta. In ta zarce, kuma matsala ɗaya ke ta dawowa, sauyawa ta fi dacewa ga mai hali. Wanda ba shi da halin sauyawa ba ya da laifi don ya ci gaba da lallaɓawa.

Hukunci yana canzawa idan lalacewar ta shafi rai. Birkin da sai an taka sau biyu kafin ya kama, tayar da ta suɗe har waya ta fito, sitiyarin da ke rawa, fitilar da ba ta ci: hawa titi da irin wannan haramun ne har sai an gyara, saboda hadisin hana cutarwa da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Direban da ya san matsalar ya fita, sannan ya buge mutum ko ya lalata dukiyar wani, ya yi sakaci, kuma mai sakaci yana lamuni. Dogaro ga Allah ba ya zama uzurin barin birki a lalace.

Game da kuɗin sayen wata motar, bashin banki mai ruwa riba ne, haramcinsa yana ƙarshen Suratul Baƙara. Gajiya da gareji ba ta kai matsayin larurar da ke halatta haram, musamman da yake akwai hanyoyi na halal. Ana iya tara kuɗi ko shiga adashe. Ana iya ba da tsohuwar a yi ciko a karɓi wata, domin mota ba ta cikin dukiyoyin da riba ke shiga musayarsu, matuƙar an san motocin biyu da adadin cikon. Ana kuma iya saye da biya kaɗan-kaɗan ko da farashin ya fi na kuɗi hannu, da sharaɗin a tsayar da farashi ɗaya a wajen ƙulla ciniki, kuma kada a ƙara komai don an yi jinkirin biya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990.

Murabahar bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, tana buƙatar lura. Majalisar ta halatta ta a zamanta na Kuwait a 1988, da sharaɗin bankin ya mallaki motar, ta shiga hannunsa da lamuninsa, sannan ya sayar. Malaman Malikiyya na da sun tsananta a kan wanda zai ce wa wani ya saya masa kaya da kuɗi hannu shi kuma ya saya daga gare shi da ƙari zuwa wani lokaci, don gudun ya zama bashi da ruwa a fakaice. Saboda haka mai saye ya karanta takarda da kyau. In kuɗi kawai aka tura masa aka ɗora kaso a kai, sunan murabaha bai halatta shi ba.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen rabuwa da tsohuwar. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana duk aibin da ya sani wanda zai rage farashi ko ya sa mai saye ya fasa. A Mukhtasar na Shehu Khalil an shar'anta ya fayyace aibin ko ya nuna shi, kada ya dunƙule. Don haka faɗin «ga ta nan yadda ka gan ta» ba ya sauke nauyi daga wanda ya san an taɓa sauke injin, ko giya na fita da kanta, ko motar ta taɓa kifewa. Zuba baƙin mai mai kauri don a danne ƙarar inji, shafe wurin haɗari da fenti, da mayar da lambar tafiya baya, duk algus ne, kuma hukuncinsu ɗaya da na ɗaure hantsar dabba don a zaci mai yawan nono ce, wanda hadisi ya hana. Mai saye yana da zaɓin mayar da motar idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Dillalin da ya sani ya yi shiru don kada la'adarsa ta tafi ya shiga cikin zunubin. Motar da ba za ta ƙara hawa titi lafiya ba, a sayar wa 'yan gwangwan ko masu kayan gyara da sunan abin da take.

Ita kanta motar babu zakka a kanta, domin kayan aiki ce, ba hajar sayarwa ba. Kuɗin da aka sayar da ita, a mazhabar Malikiyya, ana fara ƙirga masa shekara daga ranar da aka karɓe shi. Wanda ake tarawa don sayen wata kuwa, in ya kai nisabi shekara ta zagayo yana hannu, za a fitar da kashi 2.5 cikin ɗari, ko da an riga an ƙudurta abin da za a saya da shi.

Allah ne Mafi sani.