Tsohuwar Da Ban San Da Ita Ba Sai Ranar Ta'aziyyarta



'Yan uwa, makon jiya na je ta'aziyyar wata tsohuwa a wani ƙauye na ƙasar Tudun Wada, can ta hanyar Falgore. Bayan an yi addu'a sai na lura da wasu mutane zaune a gefe, sun fi 'ya'yan gidan kuka, kuma Hausarsu ba irin tamu ba ce, ta Zamfarawa ce. Na tambayi na kusa da ni, ya ce ai baƙin marigayiyar ne. Shekara uku da suka wuce 'yan bindiga suka tashi garinsu, mota ta sauke su a Kwanar Dangora, daga nan suka yi ta gaba-gaba har suka faɗo ƙofar gidanta. Ba ta san su ba, ba ta san wanda ya san su ba. Ta sa aka kwashe buhunan masararta daga ɗaki ta ba su ɗakin, ta sa ɗanta ya yankar musu gefen gona aro. Mutum bakwai ne, har da mai goyo.

Wallahi kunya ce ta kama ni. Ni da nake yawon wa'azi tsakanin Bebeji da Kiru da Tudun Wada har Doguwa, ban taɓa jin labarin matar nan ba sai da aka rufe ta. Amma ka tambaye ni buhu nawa wane ya raba da azumi, zan faɗa maka, saboda an ɗauki hoto an watsa a Facebook.

Da na faɗi haka a majalisi, wani ɗalibi ya ce: "Malam, ai gara da ba a yabe ta ba, yabo yana jawo riya." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ikhlasi aikin mai bayarwa ne, tsakaninsa da Ubangijinsa. Godiya kuwa aikinmu ne mu da muka gani. Ita ta sauke nata, mu ne ba mu sauke namu ba. Yabon da aka hana shi ne na bambaɗanci da wuce gona da iri, wanda ake kumbura wa mutum kai da shi.

Ku duba sira. Lokacin da azaba ta tsananta a Makka, a shekara ta 5 da aiko Annabi (SAW), sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha. Najashi ya karɓe su, Ƙuraishawa suka biyo su da kyaututtuka a maido su, ya ƙi. A shekara ta 9 bayan Hijira, ranar da ya rasu, Annabi (SAW) da kansa ya sanar da rasuwarsa a Madina, ya fita da sahabbai filin salla, ya jera su sahu-sahu, ya yi masa salla da kabbara huɗu alhali gawar tana wata ƙasa. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan.

To ka ce ai Najashi ya musulunta. Mut'imu ɗan Adiyyu fa? Da Annabi (SAW) ya dawo daga Ɗa'ifa ba shi da mai kare shi, wannan mutumin ne ya ɗauki makami shi da 'ya'yansa suka shigo da shi Makka cikin amanarsu. Ya mutu bai musulunta ba. Amma bayan yaƙin Badar Annabi (SAW) ya tuna da shi a bainar jama'a, ya nuna cewa da yana raye ya nemi a saki fursunonin yaƙin, da an sakar masa su. Sannan ku buɗe Suratul Hashri, aya ta 9, ku ga yadda Allah da kansa ya yabi mutanen Madina. A kan me? A kan son waɗanda suka gudo wurinsu da fifita su a kan kansu alhali su ma suna cikin buƙata. Yabo ne da muke karantawa a salla har gobe.

A zamaninmu ma akwai irinsu, sai dai sau da yawa na waje ne ke riga mu ganinsu. Zannah Mustapha, lauya a Maiduguri, ya buɗe makarantar marayu a 2007, da rikicin Boko Haram ya ɓarke ya zaunar da ɗan wanda aka kashe da ɗan wanda ya yi kisan a aji ɗaya. A 2017 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Hanyar nan da ta ratsa Doguwa ta nufi Saminaka, ƙarshenta Filato. A can, a ƙasar Barikin Ladi, cikin watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan yana roƙonsu har suka tafi. Amurka ta karrama shi a 2019. Akwai kuma Saifura Hussaini da Hauwa Liman, ungozomomi biyu matasa da ke aiki da Red Cross a Rann ta jihar Borno, suna karɓar haihuwar matan da yaƙi ya kora. An sace su a watan Maris na 2018, aka kashe ɗaya a Satumba, ɗaya a Oktoba. A masallatai nawa aka ambace su a huɗuba? Ni dai ban yi ba a lokacin, Allah ya yafe mini.

Kuma mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana zafin barin gida ba. Da aka gina madatsar ruwan Tiga a zamanin Audu Bako, farkon shekarun 1970, garuruwa aka tayar. Ku tambayi dattawan Bebeji da kewaye yadda mutum yake ji in ruwa ya rufe gonar gado da kushewar iyaye. Wannan ma fa ba da bindiga aka kore su ba.

Na san abin da wasunku za su rubuto: "Malam, a cikinsu akwai masu kai wa ɓarayi rahoto." Ban ce a rufe ido ba, ga dajin Falgore a kusa da mu. Baƙo ya zo, a kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, a san daga ina yake, wa ya san shi. Ita ma marigayiyar haka ta yi, kwana biyu da saukarsu ta tura ɗanta da magidancin wurin mai unguwa. Amma bincike daban, cin zali daban. Wanda zai ɗauki ɗan gudun hijira ƙwadagon yankan shinkafa ya biya shi rabin abin da yake biyan ɗan gari, don ya san ba shi da inda zai kai kuka, wannan ba tsaro yake yi ba. Haka mai ninka musu kuɗin haya, haka mai zuwa neman 'yarsu da sadakin da ba zai iya furta shi a gidan maƙwabcinsa ba. Haba jama'a!

Roƙona ga 'yan uwana limamai: kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya tambayi mai unguwarsa gida nawa ne ke riƙe da baƙin da fitina ta koro. A je musu har gida a yi godiya. In suna so a ambace su a yi musu addu'a a masallaci, in ba sa so a sakaya. Ga kaka ta kusa, in an fitar da zakkar masara da shinkafa a tuna da waɗannan gidaje, mai masauki da baƙonsa duka, don tukunya ɗaya suke ci.

Kafin in baro wurin ta'aziyyar, magidancin nan ya riƙe hannuna ya ce: "Malam, yanzu da Inna ta tafi, shin gonar za a bar mana?" Na kira ɗanta gefe. Ya ce tun tana raye ta yi masa wasiyya kada ya tashe su, kuma ba zai tashe su ba. Allah ya jiƙanta, ya yalwata kabarinta kamar yadda ta yalwata wa bayinsa ɗakinta, ya maida su gida lafiya. Amin.