Ko Gwanintar Harshe Tana Wanke Barasa?

Kwanan baya wani ƙanen abokina, wanda ya yi karatu a Ingila, ya zo Birnin Gwari gaida mahaifiyarsa, muka zauna hira a zaure bayan lisha. Zance ya jawo zance, har ya kai mu ga abin da na san yana yi a ɓoye, shi kuma ya san na sani. Bai yi musu ba. Sai ya ce, "Yaya, ni fa ba mashayi ba ne. Mashayi buguwa yake nema. Ni ɗan abin da bai wuce cokali uku ba nake zubawa, in sansana, in kurɓa, in gane inda aka yi shi da shekarun da ya yi a ajiye. Wannan ilmi ne, kamar yadda kai ka san goro." Na yi masa faɗa irin na babba, ya sunkuyar da kai, ya yi sallama. Amma na kwana da maganar, gama na san faɗa na yi, ban ba shi amsa ba.

Bari mu fara da sanin abin da yake nufi, don kada mu yanke hukunci a kan abin da muka jahilta. Barasar da yake yabo ita ce wuski ta ƙasar Sikotilan, irin wadda gida ɗaya ke yi da tsiron sha'ir zalla, ba a gauraya ta da ta wani gida ba. Akan jiƙa sha'ir har ya tsira, a busar da shi, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a sa yisti ya tashi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mata ke yin burkutu da tsiron dawa a ƙauyukan da ake sha, zai ga har zuwa nan hanya ɗaya ce. Daga nan suke rabuwa. Su sukan dafa ruwan a manyan tukwanen jan ƙarfe, su tare tururin ya koma ruwa, yawanci sau biyu, kana su ɗura a gangunan katako su rufe. Dokarsu ta ce sai ta shekara 3 a ganga kafin a kira ta da wannan suna, masu daraja kuwa sukan kai 12, ko 18, ko fiye. Kowace shekara wajen kashi 2 cikin 100 na bin iska ta jikin katakon, mai ita yana gani, ya haƙura.

Bambancin da suke gardama a kai kuwa gaskiya ne. A tsibirin Islay gidaje kamar Laphroaig sukan busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama mai cin wuta, sai abin ya fito da ƙaurin hayaƙi. Na yankin kogin Spey, kamar Glenfiddich, an san su da sanyin ƙamshi irin na 'ya'yan itace. Ganga ma tana ba da nata launi da ɗanɗano, gwargwadon abin da ta taɓa ɗauka a dā.

To, a nan dole in ba yaron gaskiyarsa. Sanin harshe sani ne. Ni da kaina in an miƙo mini goro ba sai an gaya mini ɗan Labuje ne ko wani ba, kuma na san abin da ya raba sabon goro da daushe wanda ya kwana biyu a huhu, ana yayyafa masa ruwa, ana sake masa ganye, har ɗacinsa ya kwanta. Masu amya a dajin nan namu, wanda En'e ta keɓe a 1936 aka kuma mai da shi gandun Kamuku na ƙasa a 1999, suna lasar zuma su ce wannan ta furen ɗorawa ce, waccan ta kaɗanya. Wanda ya ce duk zuma ɗaya ce bai zama mai tsoron Allah ba saboda haka, rashin lura ne kawai. Haƙurin mutumin da zai rufe dukiyarsa shekara 18 ma ba abin rainawa ba ne, da ma a ce muna da irinsa a kan itatuwanmu.

Amma tambayar ita ce, sanin nan yana sāke hukuncin abin da aka sani?

Mahaifina ya sha ba mu labarin kakana, wanda ya yi wa wani Bature aikin kuku a shekarun 1930, lokacin da Turawa ke haƙar zinariya a ƙasar nan. Ya ce in rana ta faɗi Baturen kan zauna bakin zayyanarsa, a kawo masa kwalba da ruwa, ya ɗaga tambulan yana duban launin. A kofi na farko mutum ne mai fara'a, yana tambayar sunayen tsuntsaye. A na huɗu kuwa ma'aikata kan watse, kowa ya san takalmi zai tashi. Shi wannan Bature, in leburansa suka sha burkutu ranar biya suka makara, sai ya yanke musu kuɗi, ya kira su mashaya. Haka dokar zamanin take. Tun yarjejeniyar Birasal ta 1890 aka hana shigo da barasa mai ƙarfi ƙasashe irin namu, Gwamna Lugga kuma ya tsare wannan a Arewa bayan 1900, amma hanin bai hau kan Turawa ba, suna sha a kulob ɗinsu. Watau abu ɗaya aka ba suna biyu. Na mai kuɗi ya zama ɗanɗano, na talaka ya zama maye. Ina jin tsoron ƙanen nan namu sunan farko ya gada, yana tsammani abin ne ya bambanta.

Ga inda misalinsa na goro ya karye. In na ci goro goma, iyakarta barci ya ƙaurace mini, haƙorana su yi ja, amma hankalin da na auna na farko da shi yana nan lokacin da zan auna na goma. Wuski kuwa, bisa dokar masu yin ta, ba ta kasa kashi 40 cikin 100 na sinadarin maye, ta ninka burkutu sau da yawa. Ita ke cin ma'aunin da ake auna ta da shi. Mutumin da ya ce zai tsaya a cokali uku, hankalinsa ne ya yi alkawarin, cokali ukun kuwa kan hankalin suke fara sauka. Abin mamaki, gwanayen da aka ɗauka aiki a gidajen nan don su gwada ganguna, da hanci suke yawancin aikinsu, in sun kurɓa ma sau da yawa tofarwa suke. Sun san in suka haɗiye, gwanintar ta tafi. To wanda ya haɗiye, me ya bi cikin maƙogwaronsa wanda harshe bai riga ya gaya masa ba?

Shari'a ba ta yi mana ƙarya a nan ba. Alƙur'ani a Suratul Baƙara bai musa cewa akwai wani amfani a cikin giya ba, sai dai ya auna shi da cutarta, kana hanin ya cika a Suratul Ma'ida. Malamanmu na Malikiyya kuma ba su raba kaɗan da mai yawa ba a kan abin da yawansa ke bugarwa. Dā ina ganin wannan tsanantawa ce. Da na tuna Baturen kakana sai na gane ba don kofi na farko aka yi dokar ba, an yi ta ne don ba wanda ya san a kofi na nawa zai daina zama shi.

Akwai kuma wani abu da ba na harshe ba ne sam. A 2023 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Macallan, wadda aka ɗura a ganga a 1926, a Landan kan fiye da fam miliyan 2. Ba harshen da zai iya jin daɗin fam miliyan 2. Suna aka saya. Amma kada mu yi saurin dariya, gama mu ma mun san mai raba manyan goro a taron biki don a gani, alhali gidansa ba hatsi. Wannan cuta ba ta da ƙabila, ni ma ban kuɓuta daga gare ta ba.

Da zai koma Kaduna na aika masa da ƙullin daushe, da 'yar kwalbar zumar ɗorawa da na daɗe ina tattali tun shekarun da 'yan bindiga suka raba masu amya da dajin. Na rubuta masa abin da na rubuta a nan, na ƙara da cewa in hancinsa ya kai yadda yake faɗi, ya gaya mini daga wane gefen daji zumar ta fito. Ya aiko da godiya a kan goron. Maganar zumar da ta wasiƙar, har yanzu bai ce kome ba.