Kala ne ko Sata?

Idan an gama girbin shinkafa a fadamun Garou, gabas da Malanville, wanda ya biyo baya yana tsintar zangarniyar da ta faɗi ba a kiransa ɓarawo. Kala yake yi. To, ɗalibin da ya ɗauki alƙaluman da waɗansu suka sha wahalar tarawa, ya gina bincikensa a kai, kala ya yi ko sata?

A ce ɗalibi ya taso daga Jami'ar Parakou don ya gane yadda Kogin Kwara ke cinye gonakin yankin, kamar a ambaliyar 2010. Ba shi da ikon auna ruwan da ya wuce shekara talatin. Amma an daɗe ana karanta ma'aunin kogi a Malanville, kuma hukumar ABN da ke Yamai tana ajiye irin wannan lissafi. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, tana tara na ruwan sama. Ƙasar Benin kuwa ta ƙidaya jama'arta a 1979, 1992, 2002 da 2013. Ƙin amfani da waɗannan, girman kai ne da almubazzaranci. Ai an rubuta su ne domin na baya, kuma lissafi ba kamar dami ba ne, ɗauka ba ta rage shi.

Sai dai mai kala ya san gonar da ya shiga, ba ya cewa shi ya shuka. Ɗalibin da ya ɓoye inda ya samo alƙalumansa ya ci guminsu, ya kuma hana wani ya duba ko gaskiya ya faɗa. Wanda ya tarar da giɓin wata uku a littafin ma'auni, ya cike shi da ƙiyasi bai ce uffan ba, ya fi na farko laifi, gama wataƙila da wannan lissafi za a yanke tsayin madatsar da ke tsare gonakin mutane.

Akwai kuma masu gonar na ainihi. Magidancin Garou da ya faɗa wa mai ƙidaya yawan iyalinsa, amana ya bayar, bai yarda a fallasa gidansa ba. Shi ne kuma ruwa ke ci wa shinkafa. Amma sakamakon yakan fito da Faransanci, ya kwanta a ɗakin karatu na jami'a, alhali a Garou da Dandanci da Hausa da Fulatanci ake maganar ambaliya.