Godiya a Tsakiyar Teku



Ikkilisiyar Katolika ta keɓe Lahadi ta biyu ta watan Yuli domin yi wa ma'aikatan jiragen ruwa addu'a. Wani a Sandamu zai ce, ina ruwanmu da teku? Mu a ƙasar Daura ruwan rijiya da na damina muka sani, ko rijiyar Kusugu da ake zuwa gani daga nesa da guga ake ɗibarta. Amma Bisharar da muke ji kowace Lahadi ta kan teku ta zo mana. Fada-fadan SMA da suka isa Shendam a 1907 sai da suka yi makonni a kan ruwa kafin su taka ƙasar nan. Saboda haka ya kamata mu san irin zaman da ake yi a cikin jirgi, mu ɗauki darasi.

Kafin jirgin sama ya yawaita, akwai wani sanannen jirgin ruwa mai suna Aureol, na kamfanin Elder Dempster, wanda ya fara aiki a 1951 ya daina zuwa Ikko a 1974. Daga Liverpool ta Ingila zuwa Ikko yakan yi wajen mako biyu, yana ya da zango a Las Palmas da Freetown da gaɓar Gana. A cikinsa akwai ma'aikatan gwamnati, da 'yan kasuwa, da ɗalibai masu komowa daga karatu, da masu aikin Bishara. Ga wanda yake da ɗaki, zaman hutu ne: lokacin abinci ya yi ya tarar an shirya, da la'asar ya fito ya sha iska, da dare ya kwanta a gado mai laushi. Amma jirgi hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai masu kula da inji cikin zafi da ƙara, da masu girki, da masu wanki. A jiragen kamfanin kuma akan ɗauki talakawa masu gajeren zango, waɗanda suke shimfiɗa tabarma a fili, rana da yayyafi duk a kansu. Na sama yakan yi mako biyu bai san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda guminsu yake tura jirgin ba.

To, mu dubi wani matafiyi a Ayyukan Manzanni sura 27. Waliyyi Bulus ya shiga jirgi a matsayin ɗan sarƙa, za a kai shi Roma. Jirgin Iskandariya ne mai ɗauke da alkama, mutum 276 a ciki. Guguwa ta kama su har dare goma sha huɗu, ba rana ba taurari, kowa ya fid da rai, an daina cin abinci. A wannan hali ne Bulus ya ɗauki gurasa, ya gode wa Allah a gaban kowa, ya gutsuttsura ya ci. Sai sauran suka sami ƙarfin zuciya, su ma suka ci. Ku lura, 'yan'uwa, bai jira sai ya taka tudu ba. Jirgin ma daga baya ya farfashe a tsibirin Malta, ko da yake ba a rasa rai ko ɗaya ba. Godiyarsa kuma ba ta tsaya a bakinsa ba, ta ciyar da soja da matuƙi da ɗan sarƙa baki ɗaya. Kalmar Yukaris ma'anarta ke nan, wato godiya, kuma ba a yin ta sai da gutsura gurasa.

A wannan Bahar Rum ɗin da Bulus ya ratsa, yau akwai jiragen yawon shaƙatawa masu ɗaukar fasinja fiye da 5,000, har da wurin wanka da na wasanni. Wasu sukan biya kuɗi su yi wata uku ko fiye suna kewaya duniya. A kan ruwan nan kuma akwai kwalekwalen roba da yake tasowa daga Libiya cike da 'ya'yan Afirka. A ranar 3 ga Oktoba 2013 mutum fiye da 360 suka nutse kusa da tsibirin Lampedusa, inda Paparoma Francis ya je ya yi wa irinsu addu'a a watan Yulin shekarar. A wannan Oktoba ɗin aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu, ƙishirwa ta kashe su. Hanyar da ta tashi daga Daura ta bi Kwangwalam zuwa Damagaram, ita ce take miƙewa har Agadas. Ashe labarin teku ba shi da nisa da ƙofarmu.

Ba zunubi ba ne mutum ya yi tafiya cikin jin daɗi. Laifin shi ne ya ɗauka cancantarsa ce ta ba shi, ya manta da na ƙasa. Kai da ka shiga mota daga Kano ka sauka Daura lafiya, da kuɗin mota a aljihu da gidan da ake jiranka, kana cikin masu ɗaki a jirgi. Yi addu'a tun kana kan hanya. Gode wa direba da yaron mota. In ka kwance guzurinka, miƙa wa na kusa da kai, Kirista ne ko Musulmi, gama alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku iyaye da Zumuntar Mata, in kun ji saurayi ko budurwa yana shirin bin hamada, ku zaunar da shi, ku gaya masa gaskiya, ku kuma taimaka masa da jari ko koyon sana'a, domin nasiha ba ta cika cikin mai yunwa.

Bari Maryamu, Tauraruwar Teku, ta yi roƙo domin dukan matafiya, Ubangiji kuma ya kai mu gaɓar salama. Amin.