Kwana Nawa Za A Yi Da 'Yar Shekara 2 A Disney World?

Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka ya tambaye ni kwana nawa ya dace su yi da 'yarsu mai shekara 2 a Disney World. Shi ya tsara kwana 7, wai wuraren wasa 4 ne a Orlando, kuma yana so ya fanshe kuɗin jirgi.

Na ce Alhaji, tsakaninka da Allah, hutun nan na waye? In ta girma da wuya ta tuna komai. Jikinta barcin awa 11 zuwa 14 yake nema kullum, can kuwa ga rana ga dogon layi. Kuka za ta yi, uwar ce za ta sha ɗawainiya.

Mu limamai an karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) yakan taƙaita sallah idan ya ji kukan yaro, don tausaya wa mahaifiyarsa. Sallah fa! Ina ga lilo?

A ganina kwana 2 ya isa, da ranar hutu a tsakani, ku riƙa komawa masauki kafin azahar. Ya ce zai shawarci maman yarinyar. Na ce ai ita ya kamata ka fara tambaya, ba ni ba.